Ɗana Mai Kunya Ne, Kuma Aikin Ɗan Sanda Yake So



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, yau wata damuwa ce ta cikin gidana na ɗauko zan baje a gabanku, domin yawancinku sa'o'in yaron da zan ba da labarinsa ne, kuma na tabbata a cikinku akwai waɗanda iyayensu ke kwana da irin tunanin da na yi watanni ina kwana da shi.

Yaron ɗana ne, kuma ɗan fari. Don haka mai karatu zai yi mini uzuri idan bai ji sunansa ba har ƙarshen wannan rubutu. A gidan da na tashi ba a kama sunan ɗan fari. Ni ma "yaron nan" mahaifina yake ce mini har Allah Ya karɓi ransa. Ka ga ke nan kunyar da zan yi ƙorafi a kanta ba a hanya ya tsince ta ba, gadonta ya yi.

Yadda maganar ta iso gare ni

Wani dare bayan sallar isha'i ina zaune a tsakar gida ina duba takardun ɗalibai, sai mahaifiyarsa ta ajiye mini kwanon tuwo, ta nemi wuri ta zauna ba ta ce komai ba. Wanda ya shekara ashirin da aure ya san ma'anar irin wannan zama. Na ce mata, "Lafiya dai?" Ta ce, "Malam, yaron nan ne ya aiko ni. Wai in gaya maka makarantar 'yan sanda ta Wudil yake son ya nema."

Dariya na yi, har da ajiye biro. Na ce mata, "Wanda zai tare motar 'yan fashi a kan titi, shi ne ya kasa tsayawa a gabana ya faɗi abin da yake so, sai da ɗan aike?" Ta yi mini nuni da hannu in sassauta murya, domin ɗakinsa yana jikin zaure, kuma fitilarsa a kunne take. Ban sassauta ba. Wannan dariya tana cikin abubuwan da har yau nake nadamarsu.

Sai dai duk wanda ya san yaron ba zai ga laifina sosai ba. Tun yana ƙarami idan aka yi baƙi ɗaki yake shigewa, sai an kira shi sau uku ya fito ya durƙusa ya gaishe su, kansa a ƙasa. Idan mai shago ya ba shi canji bai cika ba, ya gwammace ya cika daga kuɗin tararsa da ya koma ya yi magana. Ranar walimar saukarsu ta Alƙur'ani, shi ne wanda malamai suka fi yarda da karatunsa, amma da aka miƙa masa lasifika a gaban jama'a sai muryar ta maƙale, gumi ya jiƙa masa sabuwar shaddarsa, har sai da malaminsu ya dafa kafaɗarsa ya ja masa ayar farko. Abin da malaman boko ke rubuta masa a takardar sakamako kuwa kusan iri ɗaya ne kowace shekara: yana da ƙoƙari da natsuwa, amma ba ya magana a aji. Ni a lissafina, irin wannan yaro aikin haɗa magunguna ya dace da shi, ko ajiyar lissafi, inda zai zauna shi da takardunsa babu mai takura masa.

Abin da ya hana ni barci

Da na kwanta a daren, abu na farko da ya faɗo mini shi ne yammacin Juma'ar 20 ga Janairu, 2012. Duk mutumin Kano da ya mallaki hankalinsa a lokacin zai iya gaya maka inda yake tsaye sa'ad da ƙarar farko ta tashi. Ni ina hanyar komawa gida ne, na ƙarasa da ƙafa ina bin lunguna, hayaƙi ya turnuƙe sama. Ofisoshin 'yan sanda aka fi nufa a ranar, kuma waɗanda suka rasu sun haura mutum 180. Yaron nan yana da shekara biyar, na iske shi a bayan mahaifiyarsa ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Tun daga ranar na riƙa ganin kakin ɗan sanda a matsayin tufar da ake auna mai ita. To amma wannan tsoro na iya ba shi amsa da kaina kafin asuba. Ajali ba ya duba tufa; a ranar ma mutane da yawa sun rasu waɗanda ba su taɓa sa kaki ba, masu wucewa ne kawai.

Abu na biyu shi ne yadda muka tashi muna kallon aikin. Mu da ɗan doka kakarmu take tsorata mu idan mun ƙi barci, duk da cewa tun wajen ƙarshen shekarun 1960, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka haɗe 'yan dokan En'e cikin rundunar 'yan sandan tarayya. Sunan da muka raɗa wa ma'aikacin ma ya isa shaida: da sandar hannunsa muka san shi. A tunaninmu aikin tsawa ne da zare ido da kulki. Na nemi sharuɗɗan shiga makarantar ta Wudil, ina fatan in sami wanda zai kayar da shi ba tare da ni na hana ba. Na ga ana son ɗan shekara 17 zuwa 22, namiji ya kai tsawon mita 1.67, mace 1.64, ga sakamakon sakandare da na JAMB, ga gwajin lafiya. Duk ya cika su. Tun 2013 makarantar take ɗaukar masu karatun digiri, shekara biyar ake yi, a fito da digiri da muƙamin ASP. Nan na ƙara rikicewa. Wato yana ɗan shekara ashirin da uku za a ɗora shi a kan saje mai furfura, sa'an mahaifinsa. Yaron da ba ya iya wuce babba a tsaye sai ya rusuna, ta yaya zai dubi irin wannan dattijo ya ba shi umarni, balle ya tsawata masa idan ya yi ba daidai ba?

Abu na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ne na kasa gaya wa ko mahaifiyarsa. Babu ɗayanmu da bai taɓa zama a motar haya ya ga direba ya dunƙule hannu ya miƙa a shinge ba. Babu wanda bai san abin da ya fito da matasa kan tituna a watan Oktoba na 2020 ba, har aka rushe sashen SARS a ranar 11 ga watan. Na kuma san hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito, wanda ya ambaci wasu mutane masu riƙe da bulala kamar wutsiyar shanu suna dukan jama'a, a cikin waɗanda aka yi wa alkawarin wuta, kuma malamai da dama sun fassara su da azzaluman masu tsaron hukuma. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na riƙa hango yaron nan bayan shekara goma, ya zo gaishe ni da motar da albashinsa ba zai iya saya ba, idonsa ya bushe, muryarsa ta buɗe. Na kuma hango kaina, na tsufa, fansho bai fito ba, na yi shiru na shiga motar. Wallahi wannan hoto ya fi na makara tayar mini da hankali.

Dalilinsa

Bayan kwana uku na kira shi zaure. Ya zo ya durƙusa a gefen tabarma. Na ce, "Kai, me ka gani a aikin nan?" Ya yi shiru har na fara zaton ba zai amsa ba. Can sai ya ce, "Baba, ka tuna lokacin da aka tsare Kawu?"

Na tuna. A 2018 ne. Ƙanen mahaifiyarsa yana da abokin ciniki da ya gudu da kuɗin wani, da aka nemi mutumin aka rasa sai aka zo aka tafi da Kawun nasa, ya kwana uku a bayan kanta a wani caji ofis. Ni ina ta zirga-zirgar neman wanda zai sa baki, mata kuma ba za su je ba, sai ya zama yaron nan, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ke kai abinci safe da dare. Ban taɓa tambayarsa abin da ya gani a can ba.

Ya ce mini, yana wasa da bakin tabarma, akwai waɗanda sai an ba su wani abu kafin su karɓi kular abincin, akwai waɗanda ke daka masa tsawa har ya rasa abin da ya kawo shi. Amma akwai wani kofur mai aikin dare, shi da ya hango shi sai ya taso ya karɓa, ya ce, "Sannu yaro, kawunka yana lafiya, ka gaya wa mamanka ta kwantar da hankalinta." Kawu ya gaya masa daga baya cewa wannan kofur ɗin ne ke kawo musu ruwan alwala da asuba. Sai yaron ya ɗago kai kaɗan ya ce, "Shi ma ba ya yawan magana, Baba. Duk daren da na same shi, ba na kuka a hanyar dawowa."

Daga nan ya ci gaba, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Ya ce abin da aka yi wa Kawu doka ba ta yarda da shi ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake zargi. Ya ce tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, in babu cikin kwana biyu, kuma belin da ake bayarwa a caji ofis kyauta ne. Ya ce dokokin suna nan a rubuce, mutumin da zai tsaya a kansu a bayan kanta ne ake nema. Ashe shekara bakwai yana ɗauke da wannan a ransa, ni ina cikin gida ɗaya da shi ina zaɓa masa sana'ar zaman ɗaki.

Wajen Baba Sufeto

A masallacin unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi shekara 35 yana aikin ɗan sanda, ya yi ritaya da muƙamin sufeto. Gidansa na ƙasa ne, 'yan kaji yake kiwo, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin aikin da ya yi. Na ɗauki yaron muka je bayan la'asar. Da muka gaisa na zayyana masa komai, na ƙare da cewa, "Baba, yaron da ba shi da murya ina shi ina wannan aiki?"

Ya ce, "Malam, murya ba ita ce matsala ba. Filin fareti yana buɗe maƙogwaron kowa. Na ga kuratan da suka zo daga ƙauye ba sa iya ɗaga ido, kafin wata uku ana jiyo su daga bakin titi. Kuma abin da kuke gani a kan hanya ɗan kaɗan ne daga cikin aikin. Mafi yawansa zama ne a kan benci da biro da takarda, kana sauraron mutumin da ke cikin ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa. Yarinyar da aka ci wa zarafi ba za ta buɗe baki a gaban mai zare ido ba. Tsohon da aka sace wa saniya, in ka katse shi sau biyu ya rikice, ya manta abin da zai kai ka ga ɓarawon. Masu binciken da na ga sun fi ƙwarewa, yawancinsu masu haƙurin sauraro ne."

Na fara jin sanyi a raina, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Tsaya, ban gama ba. Abin da nake ji masa tsoro shi ne jin nauyi. Ranar farko babu wanda zai ce masa ya karɓi cin hanci. Za a dawo daga aiki ne, a miƙo masa kasonsa a gaban kowa, wanda ya miƙo kuma ya haife shi. In ya ƙi karɓa, kamar ya kira su ɓarayi ne a bainar jama'a. Da yawa daga cikin waɗanda na ga sun lalace, kunyar idon abokan aiki ce ta fara karya su, kwaɗayi daga baya ya zo. Bayan wannan ga 'yan alfarma. Dangi za su zo, masu unguwa za su zo. Kai kanka Malam, wata rana za ka kira shi ka ce wanda aka kama ɗan wane ne, a duba."

Sai ya juya ga yaron ya ce, "Kai, ɗana, in na gaba da kai ya miƙo maka, me za ka ce?" Yaron ya ce, "Zan ce ya yi haƙuri." Ya ce, "In ya sake miƙowa fa?" Ya ce, "Zan sake ba shi haƙuri." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "To ka shirya zama a ƙauyen da babu ruwa babu wuta, domin can ake tura masu ba da haƙuri. Ni sau uku aka tura ni." Da muka tashi tafiya ya riƙe hannuna ya ce, "Ban ce ka bar shi ba, ban ce ka hana shi ba. Ka je ka bincika ko ya taɓa ce wa babba a'a. In ya taɓa, zai iya. In bai taɓa ba, kada ka kai shi."

Abin da na tuna a hanya

Ba mu kai gida ba amsar ta zo mini, kuma ba ta zo da daɗi ba. Lokacin yana ɗan shekara goma sha uku, albashi ya yi jinkiri, wani mai shago da ke bi na bashin kayan abinci ya yi sallama a ƙofar gida. Na ce wa yaron, "Je ka ce masa ba na nan." Ya fita, ya daɗe, sai ga shi ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na kasa." Na fusata, na ce wannan wace irin kunya ce, mutum ko saƙo ba ya iya isarwa. Dole na sa hula na fita na fuskanci mai bashina. Shekara biyar ina ba da wannan labari a matsayin misalin rauninsa. Sai a ranar, muna tafe yana bayana da taku biyu kamar yadda ya saba, na gane cewa yaron ya isar da saƙonni da yawa kafin wannan da bayansa. Ƙarya ce ya kasa isarwa, kuma wanda ya ce wa a'a shi ne mutumin da ya fi jin nauyi a duniya.

Abin kunyar shi ne, ni mai koyar da yara ne, kuma na san bambancin nan a karatu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mutumin Madina yana yi wa ɗan uwansa faɗa a kan yawan kunya, sai ya umarce shi da ya ƙyale shi, ya kuma sanar da shi cewa kunya tana cikin imani. Na karantar da wannan ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa lura cewa ni ne mutumin da ke faɗan ba. Imamu Nawawi kuma, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kawo bayanin malamai cewa abin da ke hana mutum faɗin gaskiya ga wanda yake girmamawa, ko ya sa shi sakaci da wani haƙƙi, gazawa ce da rauni, mutane ne kawai suke kiransa kunya saboda kamar da suka yi. Kunya ta gaskiya ita ce wadda ke hana mutum aikata abin ƙi. Mu a Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita ga duka biyun, shi ya sa muke yabon wadda ya kamata a yi wa magani, mu kuma yi wa ɗayar dariya. Amma kakanninmu sun san bambancin, tunda su suka ce kunyar mara kunya asara ce.

Shi kansa Manzon Allah, sahabbai sun siffanta shi da cewa ya fi budurwar da ke cikin ɗakinta kunya. Duk da haka, lokacin da wata mata daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid, wanda suka san yana matuƙar ƙauna, ya nema mata sassauci, bai karɓi alfarmar ba, fuskarsa ta sauya, ya kuma tashi ya yi wa jama'a huɗuba a kai. Aikin tsaron kansa ma yana da asali mai kyau: Anas ɗan Malik ya ba da labari, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa matsayin Ƙaisu ɗan Sa'ad a gaban Annabi kamar matsayin shugaban 'yan sanda ne a gaban sarki. Ashe gargaɗin masu bulala yana kan zalunci ne, kuma idan duk mai jin kunyar Allah ya guje wa aikin, mun san waɗanda za mu iske a bayan kanta ranar da aka kama namu.

Sai dai kada in yaudari kaina. Yaron nan yana da kunyar nan mai kyau, yana kuma da ɗayar. Wanda ya ƙi yi mini ƙarya shi ne dai wanda ba ya iya komawa ya karɓi canjinsa. Kuma wannan ta biyun ni na shuka ta. Ni na koya masa cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya mayar da magana, ba ya tambayar dalili. Na koya masa ladabi, na manta ban koya masa yadda ake saɓa wa babba cikin ladabi ba.

Inda muke yanzu

A daren na kira shi na ba shi haƙuri a kan dariyar da na yi. Ya rasa inda zai sa kansa, ni ma haka. Sannan na ce masa na yarda ya nema, bisa sharaɗin cewa daga yau babu ɗan aike tsakanina da shi. Muka kuma shiga gyaran abin da ya rage. Duk kayan da aka sayo aka ga aibi a jikinsu, shi ke mayarwa kasuwa. Shi ke tayar da iƙama a masallacin unguwa idan ladan bai zo ba. Idan mun zauna cin abinci nakan faɗi ra'ayi da gangan in ce ya kawo hujjar da ta saɓa wa tawa. Makonnin farko gumi yake yi kamar ranar walima. Kwanan baya kuwa ya gyara mini lissafin kuɗin wuta a gaban ƙannensa, ya fara da "Baba, ka yi haƙuri," kuma shi ne da gaskiya. Ni ma na ɗaukar masa alkawari ɗaya, a gaban mahaifiyarsa: idan Allah Ya sa ya sami aikin, ba zan taɓa kiransa in nema wa kowa alfarma ba, kuma duk abin da ya kawo gidan nan ina da haƙƙin in tambaye shi daga ina.

Ya rubuta jarrabawa, an kira shi tantancewa, na raka shi Wudil har bakin ƙofa. Na tsaya ina kallonsa a cikin layi, samari suna ta hayaniya da barkwanci, shi yana tsaye rungume da fayil ɗinsa bai ce wa kowa komai ba. Yanzu sunaye muke jira. Ba zan ɓoye muku ba, shakkata ba ta gushe ba. Cewa a'a sau ɗaya ga uba mai ƙaunarka daban ne da cewa a'a kullum, shekara talatin da biyar, ga mutanen da ke riƙe da ƙarin girmanka da wurin aikinka. Akwai daren da nake fatan sunansa ya fito, akwai daren da nake fatan kada ya fito. Mahaifiyarsa ta fi ni hankali; ita zaɓin Allah kawai take roƙa masa.

Ya 'yan uwana matasa, wanda duk yake da irin halin yaron nan a cikinku, kada ya bari a gaya masa cewa shirunsa ya rufe masa ƙofar wani aiki na halal. Amma ya zauna ya binciki kansa da gaskiya: abin da ke ɗaure masa harshe, tsoron saɓon Allah ne ko tsoron idon mutane? Na farkon ya riƙe shi da kyau, na biyun ya fara yaƙarsa tun yau a kan ƙananan abubuwa, tun kafin ranar da haƙƙin wani zai rataya a kan kalma ɗaya daga bakinsa. Kuma ku riƙa gaya wa iyayenku dalilanku da bakinku. Mu iyaye sau da yawa hoton ɗan shekara biyar muke riƙe da shi, ba mu san ya girma ba sai ya yi magana.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa yaron nan a addu'a. Allah Ya zaɓa masa abin da ya fi alheri ga addininsa da rayuwarsa. Idan aikin alheri ne gare shi, Allah Ya sa ya shiga da kunyarsa ya fito da ita. Kofur ɗin nan da ban san sunansa ba, Allah Ya saka masa da alheri a duk inda yake. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.